Kada son ƙyalli ya sa ku lalata lambobin yabon mazan jiya

Damanar bara, da muka tashi gyaran ɗakin kakanmu marigayi a Partago, kusa da Djougou, muka buɗe wata tsohuwar adakar ƙarfe. A ƙasan kaya muka tarar da lambobin yabo uku na sojan Faransa naɗe cikin tsumma, duk sun yi kore. Ni da zumuɗi, sai na ɗauki guda na dirje ta da toka da lemun tsami, yadda iyayenmu mata ke wanke tukunya. Ta yi ƙyalli kam, amma ta cika da ƙarce, launinta na asali ya tafi.

Da Kawu ya gani, sai ya girgiza kai ya ce, "Haba ɗana, malami guda! Wannan ai ba kwanon tuwo ba ne." Kunyar ranar ce ta sa na tsaya na koyi yadda ake yi.

Gidaje da yawa a Djougou da Parakou na da irin waɗannan lambobi, domin Faransa ta ɗebi samarin Dahome cikin rundunar da ake kira Tirailleurs sénégalais a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Wadda na ɓata ita ce Croix de guerre ta 1939, mai takubba biyu a gicciye. Da tagulla aka yi ta, haka ma Croix du combattant, wadda aka ƙirƙiro a 1930.

Tagulla ba ta tsatsa irin ta ƙarfe. Idan ta yi duhu sumul, wannan rufi ne da ke kare ta, a bar shi. Abin tsoro shi ne kore mai haske da ke fita kamar gari. Gishirin gumin hannu da laimar damina ke haddasa shi, yana cin lambar har ya huda ta. Jar tsatsa kuwa, a jikin allurar maƙalawa ake ganinta, in ta ƙarfe ce.

Sauran biyun, ga yadda na bi da su. Na wanke hannu na shanya, na share ƙura da buroshin haƙori mai laushi. Garin koren na ɗauke shi a hankali da tsinken sakace, sannan na goge wurin da auduga da alkol ɗin asibiti. Allurar na ɗiga mata man keken ɗinki, ban bari ya taɓa ƙyallen da ake rataye lambar da shi ba. Shi ƙyallen ma ban wanke shi ba, don tsohon zare ruwa na iya kashe shi. Toka, yashi, lemun tsami da man goge tagulla na kanti, duk a nisance su.

Ajiya ita ce rabin magani. Kowace lamba na naɗe ta daban cikin farin ƙyallen auduga, na sa a kwalba mai murfi tare da 'yan ƙunshin shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Idan koren ya dawo, a nemi ma'aikatan gidan tarihi, kada a ƙara dirza.

Abu mafi muhimmanci: yawancin lambobin Faransa ba sa ɗauke da sunan mai su. Littafin soja da katin tsohon soja su ne shaida, a adana su tare. Waɗannan bayin Allah ne dokar Disambar 1959 ta daskarar musu da fansho, sai a 2007 aka fara daidaita shi da na Faransawa, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Na kai lambobin aji, har da wadda na ɓata. Yara uku suka ɗaga hannu suka ce akwai irinsu a gidansu. Na ce su je su tambayi dattawa sunan mai su da inda ya yi yaƙi, su rubuto mini, amma kada kowa ya taɓa toka.