Tarihin Kano Ya Fito Daga Gafaka

Kowa ya ratsa lungunan birnin Kano, daga Madabo zuwa Sharifai, ya san a bayan waɗannan katangun ƙasa akwai wata dukiya wadda ba a kasa ta a Kasuwar Kurmi. Dukiyar nan kuwa ita ce littattafan da kakanninmu suka rubuta da alƙalamin kara da tawadar gida, suka naɗe cikin tadarishi, suka zuba a gafaka. A dā in mutum yana son ya duba ɗaya daga cikinsu sai ya yi sallama a zaure, ya yi ta zarya har mai gida ya amince da shi. Yau ga shi wani sashe nasu ya hau intanet, watau an ɗauki hoton kowace warƙa an ajiye, yadda ɗalibi zai buɗe a kwamfuta ko a wayar hannu yana zaune a ɗakinsa.

Bari mu fara da littafin da ya fi shahara, watau Tarihin Sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Ya fara tun daga zamanin Barbushe da Dutsen Dala, ya bi ta kan Bagauda, da Gijimasu wanda ya fara ginin ganuwa, da Yaji wanda Wangarawa suka zo a zamaninsa, da Muhammadu Rumfa, har ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. Baturen nan H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. To, ga abin lura. Shekarun da yaran makaranta su ke haddacewa, kamar 999 ga Bagauda, ko 1463 zuwa 1499 ga Rumfa, ba marubucin ne ya sa su ba. Shi tsawon sarautar kowane sarki kaɗai ya faɗa, sai mai fassara ya yi lissafi da baya ya fitar da shekarun. Wanda bai koma ga asali ba, yaya zai rarrabe maganar marubuci da ta mai fassara? Amfanin ganin takarda da idonka ke nan.

Ba shi kaɗai ba ne kuwa. Akwai Asalin Wangarawa, wanda aka rubuta wajen 1650, Malam Muhammad Al-Hajj ya buga shi a 1968. Akwai Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi, mai ba da labarin yadda jihadi ya gudana a ƙasar Kano. Akwai nasihar da Shehu Maghili ya rubuta wa Rumfa a kan sha'anin mulki. Ban da waɗannan, ga wasiƙun sarakuna, da littattafan alƙalai, da waƙoƙin wa'azi na ajami, da lissafin fatake. Har ita takardar kanta shaida ce, gama in an ɗaga ta a haske sau da yawa a kan ga tambarin jinjirin wata uku, alamar an yi ta a Italiya, ta ƙetaro Sahara a kan raƙuma.

Ina a ke samun waɗannan hotuna? Babban ɗakin karatu na Ingila, da ke London, ya kafa wani shiri a 2004 don ceton takardun da ke cikin hatsari ko'ina a duniya. A ƙarƙashinsa Dokta Mohammed Bashir Salau ya jagoranci ɗaukar hoton tsofaffin takardu a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, sa'an nan a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, kuma duba su kyauta ne. A Amurka, Jami'ar Boston ta tara rubuce-rubucen ajami na Hausa da na wasu harsuna ta sa a intanet. Jami'ar Northwestern kuwa ita ke riƙe da littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, guda fiye da 3,000. Ku duba fa, taskar malami guda ke nan. To, nawa ke kwance a sauran gidajen birni?

A nan ne damuwarmu ta ke. Gara ba ta san darajar littafi ba. Soro ya kan yi yoyo da damina, gobara ta kan tashi da hunturu, rabon gado kuma ya kan raba littafi guda gida uku, tun da ba a ɗinke warƙoƙinsa ba. Mun ga abin da ya faru a Tambutu a farkon 2013, sa'ad da 'yan tawaye suka ƙone littattafai masu yawa a Cibiyar Ahmad Baba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mun san wasu magada suna tsoron kada a karɓe abin da suka gada, kuma ba mu ga laifinsu ba, don akwai littattafan da suka fita ba su dawo ba. Amma ɗaukar hoto ba ya raba mutum da kayansa: littafi ya zauna a gidansu, hotonsa ya yi yawo. Abin da ya kamata shi ne a yi aikin a gaban mai shi, a rubuta sunan gidan, a ba shi nasa kwafin, a kuma ajiye wani a nan gida, a Jami'ar Bayero, ko Gidan Makama, ko Gidan Arewa na Kaduna, don kada ya zama sai mun nemi tarihinmu a hannun baƙi.

Sai dai hoto ba ya karanta kansa. In babu yaran da suka iya ajami da rubutun warash, to, mun sāke wa littafin gafaka ne kawai. Saboda haka muna roƙon malaman zaure da na jami'a su haɗa kai, wannan ya kawo iya karatu, wancan ya kawo na'ura. Mai tsohuwar adaka a gida kuma ya buɗe ta tun kafin damina, ya kaɗe ƙura, ya ga abin da kakansa ya bar masa. Allah ya ji ƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.