Awon Girma da Siffar Oganoyid Daga Hoton Madubin Likita

Gabatarwa

Oganoyid wani ɗan curin nama ne da masana ke rainonsa a ɗakin gwaje-gwaje daga ƙwayoyin halitta na asali, har ya riƙa kwaikwayon wata gaɓa ta jiki a tsari da aiki. A shekarar 2009 Toshiro Sato da Hans Clevers suka raini na hanji a Cibiyar Hubrecht da ke Utrecht ta ƙasar Holan. A 2013 kuma Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich suka samar da na ƙwaƙwalwa a birnin Biyana. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake auna girmansa da siffarsa, da dalilin da ya sa kuskuren awo ke iya shafar majinyaci.

Matakan Awo

Galibin oganoyid na hanji bai kai milimita ɗaya ba, don haka ba shi aunuwa sai ta hoton da aka ɗauka da madubin likita. Hoton kansa tarin ɗigogi ne. Matakin farko shi ne a san tsawon ɗigo guda. Alal misali, idan ɗigogi 200 suka yi daidai da maikuromita 100, to kowane ɗigo rabin maikuromita ne. Maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Mataki na biyu shi ne shata iyaka, watau raba oganoyid da abin da ke kewaye da shi. Akan rina shi da rini mai ƙyalli, sa'an nan a umurci kwamfuta ta ɗauki duk ɗigon da haskensa ya wuce wani haddi a matsayin jikin oganoyid. Manhajar ImageJ, wadda Wayne Rasband ya fitar a Amurka a 1997, tana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Da zarar iyaka ta shatu, sai a ƙirga ɗigogin ciki a sami faɗin fili, a bi na gefe a sami tsawon kewaye.

Siffa ma tana da lissafinta. Akan ninka faɗin fili da 4 da kuma 3.14, a raba da tsawon kewaye da aka ninka da kansa. Cikakkiyar da'ira tana ba da 1, murabba'i yana ba da kimanin 0.79. Gwargwadon yawan tsiro da lanƙwasa a gefen oganoyid, gwargwadon raguwar wannan adadi.

Amfanin Awon

Misali mafi bayyana shi ne na sistik faibirosis, wani ciwon gado da ke sa majina ta yi kauri a huhu da hanji, saboda lalacewar wata kafa da gishiri ke bi ya fita daga ƙwayar halitta, ruwa ya biyo shi. A 2013, masana a Utrecht ƙarƙashin jagorancin Jeffrey Beekman suka nuna cewa idan aka zuba wa oganoyid na mai lafiya wani sinadari mai suna foskolin, ruwa kan taru a cikinsa ya kumbura. Na mai ciwon kuwa ba ya kumbura, ko kuma ya ɗan taɓa. Saboda haka akan ɗauki hotuna bi da bi na tsawon sa'a ɗaya, a kwatanta faɗin ƙarshe da na farko. In magani ya dawo da kumburin, alama ce zai iya amfanar mai naman. A Holan an bi wannan hanya wajen zaɓar wa masu nau'o'in ciwon da ba a cika gani ba magani.

Inda Ake Tuntuɓe

Hoto shimfiɗaɗɗe ne, oganoyid kuwa dunƙulalle ne. Idan faɗin tsakiyarsa ya ninka biyu, filin da ke hoto ya ninka huɗu, alhali ainihin girmansa ya ninka takwas. Haka kuma guda biyu da suka jingina da juna kwamfuta na iya ƙirga su a matsayin ɗaya, wanda ya kauce wa saitin madubi kuma gefensa kan yi dishi-dishi, ya zama kamar ya fi girmansa. Bugu da ƙari, girma ba kullum ne shaidar lafiya ba, domin babban oganoyid ba shi da jijiyoyin jini, tsakiyarsa kan mutu don rashin iska.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ingancin sakamako ya rataya ne a kan ingancin iyakar da aka shata. Wajibi ne mai bincike ya duba shatin kwamfuta da idonsa, ya auna oganoyid masu yawa, ya kuma tsaya a kan haddi guda daga farkon gwaji zuwa ƙarshensa, domin a bayan kowane adadi akwai majinyacin da ke jiran hukunci.