Koya wa Ɗaliban Koleji da Lise Hanyar Sulhu Tsakanin Al'ummomi

Darasin yau ya shafi ƴaƴanmu da ke karatu a koleji da lise, da abin da ya wajaba a koya musu game da sasanta rigima tsakanin al'ummomi, musamman manoma da makiyaya.

Dattawan ƙasar Maradi ba su manta da Toda ba. A watan Oktoba na shekarar 1991, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da ɗari a can, galibinsu mata da yara. A irin wannan fitina, matasa ake fara kira su ɗauko sanda da adda, kuma yau a wayarsu labari ke fara sauka. Saboda haka su ne suka fi cancanta a koya wa sulhu tun suna aji, inda ɗan manomi da ɗan makiyayi ke zaune a benci ɗaya.

Abu na farko shi ne su san tushen rigimar. Dabbobi suna haurawa arewa da damina, su gangaro kudu da kaka. Idan suka iso alhali hatsi yana gona, ko suka tarar an nome burtali, an toshe hanyar mashaya, sai a yi ɓarna. Manomi yana kare abincin iyalinsa na shekara, makiyayi yana kare dukiyar da ya gada. Ɗalibin da ya fahimci haka zai daina ɗaukar abin a matsayin ƙiyayyar ƙabila, ya gane cewa matsala ce ta ƙasa da ruwa da lokaci, wadda ake iya warwarewa a zaune.

Na biyu, su san hanyar da doka ta shimfiɗa. Tun shekarar 1993 ƙasarmu take da kundin dokokin karkara, wanda ya kafa hukumomin kula da filaye, kuma a 2010 aka ƙara dokar kiwo. Kowace shekara hukuma tana sanar da ranar sakin gonaki. Idan an yi ɓarna, ana kai ƙara wurin mai gari ko shugaban makiyaya, a je a duba gonar gaban shaidu, a ƙiyasta asarar, a biya. In ba a daidaita ba a wuce wurin sarki, a rubuta takarda, daga nan ne alƙali ke shiga. Ɗalibi ya iya karatu, shi zai karanta wa mahaifinsa takardar, ya tuna masa cewa hakkinsa yana da ƙofar da ake bi a karɓo shi.

Na uku, tantance labari. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labarin da ba mu amince da mai kawo shi ba, aya ta 9 kuma ta ɗora mana sasanta ɓangarori biyu da adalci. A koya wa yaro, idan murya ko hoto ya zo masa ta WhatsApp, ya tambaya wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe. In bai samu amsa ba, kada ya tura.

Na huɗu, laifi na mai shi ne. Idan garke ɗaya ya ci gona, mai garken ake nema. Ƙona rugar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba zalunci ne, kamar yadda far wa ƙauye saboda mutum ɗaya zalunci ne.

Ta yaya malami zai koyar? Ya ba su tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin da Kuraishawa suka kusa yaƙi kan wanda zai mayar da Hajarul Aswad mazauninsa. Ya shimfiɗa mayafi, ya aza dutsen, kowane gida ya riƙe gefe, kowa ya tashi da mutuncinsa. Sannan malami ya raba aji: wani ya zama mai gona, wani mai shanu, wani mai gari, kowa ya maimaita hujjar abokin hamayyarsa kafin ya faɗi tasa. Ya tuna musu wasan taubasantaka tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Zabarmawa, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon duniya a 2014. Ya bayyana musu kuma dalilin hutun 24 ga Afrilu, ranar da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a 1995.

Iyaye, aikin malami yana rushewa idan yaro ya dawo gida ya ji ana zagin wata ƙabila wurin buɗa baki. Mu kiyaye harsunanmu gabansu, mu tafi da su zaman sulhu su ga yadda manya ke yi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shiryi zuriyarmu, amin.