Me ya sa ƙashi kan zama dutse a Gadufawa, amma ya ruɓe a bakin Gulbin Maradi?

Duk shekara idan damina ta kankama, Gulbin Maradi yakan taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Jiratawa da Maradi da Tibiri, ɗauke da yashi da laka da itatuwa, wani lokaci har da mushen dabbobi. Tsofaffi ba su manta da ambaliyar 1945 ba, wadda ta cinye tsohon garin Maradi har aka tayar da shi zuwa kan tudu. Ruwa irin wannan ne ya binne dabbobin da ƙasusuwansu suka zama dutse a jihar Agadas, waɗanda masana ke kira burbushin halittu. Sai dai abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai.

A ɗauki misalin saniyar da ta mutu a daji. Kafin kwana biyu ungulaye da karnuka sun gama da naman, tsutsotsi da tururuwa su ƙarasa saura. Ƙasusuwan da suka rage rana ta gasa su har su tsattsage, dabbobi su tattake su, cikin 'yan shekaru su koma ƙasa. Ƙarshen kusan duk abin da ya taɓa rayuwa a doron ƙasa ke nan.

Kafin ƙashi ya tsira, sai sharuɗɗa da dama sun haɗu. Na farko, a binne gawar da gaggawa cikin laka ko yashi, inda iska ba ta shiga sosai, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da abu su rasa ƙarfi. Shi ya sa aka fi samun burbushi a inda a da akwai kogi ko tafki ko teku. Na biyu, ƙasa ta ci gaba da taruwa a kai, kada ruwan baɗi ya tone abin da na bana ya rufe. A nan ne gulbi irin na Maradi ke kasawa, don yashinsa ba ya zama wuri ɗaya. Na uku, ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da ma'adinai ya riƙa tsatsafowa cikin ƙananan ramukan ƙashin, yana cike su sannu a hankali, har ƙashin ya yi nauyi da taurin dutse, siffarsa kuwa tana nan. Halittu marasa ƙashi ko ƙwanso, kamar tana, da ƙyar suke barin ko da alama.

Ko an cika waɗannan, da sauran rina a kaba. Dole dutsen ya tsallake zafi da matsin cikin ƙasa na miliyoyin shekaru, sannan iska ko ruwa su zaizaye abin da ya rufe shi. Da zarar ya fito fili kuma, iska mai yashi za ta fara cinye shi. In ba a gan shi cikin lokaci ba, ya tafi ke nan.

Nijar na cikin ƙasashen da suka yi dace. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, shekaru kimanin miliyan 110 da suka wuce akwai manyan koguna da dazuzzuka. A can Bafaranshe Philippe Taquet ya tono dinozor ɗin da aka raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. A 1999 ayarin Paul Sereno na jami'ar Chicago ta Amurka ya bayyana Nigersaurus, mai tsawon mita 9 da haƙora sama da 500, da kuma Jobaria da aka samo a yankin Ingal. Gadufawa ce kuma ta ba da ƙasusuwan ƙaton kadan nan Sarcosuchus. Mai zuwa Yamai zai iya ganin irin waɗannan ƙasusuwa a gidan tarihi na Boubou Hama.

Ba sai an je Tenere ba ma. Farin dutsen da ake sarrafa siminti da shi a Malbaza, cikin jihar Tawa, ya taru ne a ƙasan wani teku da ya rufe yankin shekaru kimanin miliyan 60 da suka wuce, kuma ana samun ƙwanson halittun ruwa a cikinsa. Wato ginin da aka yi da wannan siminti a Maradi, asalinsa ƙasan teku ne.

Tun da samuwarsu na da wuya haka, asarar guda ɗaya ba ta da mayewa. Ƙashin da aka ciro aka sayar a ɓoye ya rabu da ƙasar da aka same shi a ciki, alhali ita ce ke nuna shekarunsa da irin wurin da ya rayu. Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997. Don haka mai haƙar rijiya ko mai ɗibar tsakuwa da ya ci karo da dutse mai kama da ƙashi ko icce ko ƙwanso, abin da ya fi shi ne ya bar shi a inda yake, ya ɗauki hoto, ya sanar da magajin gari ko ma'aikatar al'adu ta jiha.