Mutum-mutumi Na Koyon Tafiya Irin Ta Matan Kasuwar Bolga

Duk wanda ya je kasuwar Bolgatanga ranar cinta, ya ga mata da tulin kwanduna ko buhun gero a ka, suna tafe suna hira kamar ba su ɗauki komai ba. Mu da muka tashi muna ganin haka, ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ashe wannan tafiya ce ke ba injiniyoyin duniya wahala.

Matsalar mutum-mutumi ita ce cin wuta. ASIMO, wanda kamfanin Honda na Japan ya fito da shi a 2000, ya kasance yana tafiya da ƙafa biyu, har matakala yana hawa, amma kowace gaɓa inji ne ke juya ta. Bincike a 2005 ya ƙiyasta cewa ƙarfin da yake ci ya ninka na ɗan Adam sau goma ko fiye.

Shi ɗan Adam dabara yake yi. In ya ɗaga ƙafa sai ya sake ta ta tafi da kanta kamar lilo, jiki ya ɗan faɗa gaba, ɗaya ƙafar ta tare shi. A 1990 Tad McGeer ya ƙera ƙafafu marasa inji da suka sauko gangara da kansu. Da wannan hikima, a 2011, wata na'ura ta Jami'ar Cornell a Amurka mai suna Ranger ta yi tafiyar kilomita 65 da cajin batir guda. Sai dai ba ta da gwiwa, kuma fili shimfiɗaɗɗe ta bi. A kawo ta hanyar ƙauye da damina mu gani!

Har a gudun kilomita 21 da aka yi a Beijin a Afrilun 2025, Tiangong Ultra da ya zo na ɗaya cikin mutum-mutumi sai da ya kwashe awa 2 da minti 40, aka kuma canja masa batir sau uku.

Matanmu fa? A 1986 masana suka gano cewa matan Luo da Kikuyu a Kenya kan ɗauki kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsu a ka ba tare da ƙarin ƙarfin a-zo-a-gani ba. Amma wani binciken a Afirka ta Kudu a 2010 ya nuna ba kowace mace ke samun wannan sauƙi ba, ga kuma ciwon wuya. 'Yan matanmu da ke dako a Kumasi da Ankara, waɗanda ake kira kayaye, su sun san wannan ciwo tun kafin masana su auna shi.