Ƙurar tsohon silin ba ƙurar hunturu ba ce

Makon jiya na bi ta wani lungu a Ƙauyen Alu, na tarar ana gyaran wani tsohon gida. Maigidan zai sa silin roba, sai ya kawo leburori biyu suna farfasa tsohon silin asbestos da guduma. Ba takunkumi, ba ko ƙyalle a hanci. Sun yi fari fat har gashin ido. Ɓaraguzan kuwa an zube su a ƙofar gida, yara sun yi cincirindo suna tsintar gutsattsari suna zane a bango kamar alli. Da na yi magana, sai maigidan ya ce, "Haba Malam, mu da muka saba da ƙurar hunturu? Ai na saya musu madara su wanke ƙirji."

Madara ciki take tafiya, ba ta san hanyar huhu ba. Ƙurar asbestos kuma wasu siraran allurai ne na dutse, ido ba ya ganinsu. In suka nutsa cikin huhu, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye duk wani baƙon abu sai su taso musu. Su haɗiya, su kasa narkarwa, su mutu. Wasu su zo, su ma haka. Wannan faɗan da ba ya ƙarewa shi ke jawo kumburi, huhu ya yi ta tabo har ya ƙandare, numfashi ya zama aiki. Ƙwayoyin da ke farautar kansa su ma ƙarfinsu raguwa yake yi, shi ya sa kansar huhu da ta fatar da ta lulluɓe shi ke samun ƙofa. Mai shan taba kuwa, nasa haɗarin ninkuwa yake.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ciwon ba ya gaggawa. Sai a yi shekara 20 zuwa 40 kafin ya nuna kansa, lokacin leburan ya manta da gidan, ana ta ba shi maganin tarin fuka a banza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar asbestos a wurin aiki. Ingila ta haramta shi tun 1999. Mu kuwa tsintsiya muke sa wa.

Sharar nan ta fi ci mini rai. An gama fashe-fashe, sai a ce wa yarinya ta share ɗaki, ƙurar da ta kwanta ta sake tashi a fuskarta. Don Allah, silin da bai fashe ba a ƙyale shi. In cirewa ta zama dole, a jiƙa shi sharkaf, a zare ƙusoshi, a sauke shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri. Ƙasa a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kayan aiki kada a kai su gida a kakkaɓe.

Wanda ya daɗe a sana'ar fasa silin asbestos, yake haki da busasshen tari, ga Asibitin Malam Aminu Kano nan kan titin Zariya. Ya gaya wa likita aikin da ya yi, ko da shekara 30 ce ta wuce.