Adon Bangon Zaure A Birnin Zazzau

Gidan Bahaushe rufaffe ne. Baƙo ba ya wuce zaure sai da izini, mai wucewa kuwa ba ya ganin kome sai bango. Saboda haka duk abin da maigida yake so jama'a su sani game da shi, a fuskar zauren nan yake sa magina su rubuta masa, watau da yumɓu, ba da alƙalami ba. A ƙasar Hausa kuwa babu inda wannan sana'a ta yi suna kamar Zariya.

Asalin adon a cikin ɗaki yake. Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a wajajen 1830 da 'yan kai, kan ginshiƙai da bakunan rufi ya zuba gwanintarsa. Daga baya ne, da fatake da 'yan kwangila suka sami abin hannu zamanin Turawa, ado ya fito bakin titi. Magini yakan yaɓe bango, ya fitar da zane da hannunsa tun ƙasa tana ɗanya, sa'an nan a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, don kada ruwan sama ya zaizaye shi. Da siminti ya samu sai aka riƙa karce zane a kansa da wuƙa, a bi da fenti.

Abin sha'awa shi ne irin abubuwan da aka zana. Ga dagi, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama tambarinta, ga takobi, ga allo, amma kusa da su sai a tarar da keke, ko agogo, ko mota, har ma da jirgin sama. Wanda ya sa aka yi masa keke a ƙofar gida ba wasa yake yi ba; shaida ce yake bayarwa cewa ya ga zamani, ya kuwa mallaki abin zamani. Wani Bature malamin Makarantar Horon Ma'aikata ta Zariya, Kirk-Greene, ya bi gidajen nan har ya fitar da ɗan littafi a kansu cikin 1963.

A ƙasar Meziko, bayan 1920, gwamnati ce ta ɗauki masu zane irin su Diego Rivera ta ba su bangayen ofisoshi su zana tarihin ƙasa. A Zariya ba haka aka yi ba. Kowa da aljihunsa ya biya magini, unguwa duka ta ci moriya.

Wannan ne kuma ya sa adon ya yi saurin ɓacewa. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe bayan damina, magada kuwa sun fi son bulo da kwano. In aka rushe zaure ba wanda za a tuhuma, tun da mai shi ne ya rushe abinsa. Ƙofar fadar Zazzau tana nan da adonta, ana sabunta mata fenti, amma a lunguna da yawa abin da ya gaji dagi shi ne hotunan 'yan takara da tallar magani. Ko masallacin Babban Gwani bai tsira ba: ran 11 ga Agusta, 2023, wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, aka yi hasarar rayuka.